Shekarar da Sitiyarin Guzuma Ya Yi Zafi

Akwai maganar da ke yawo a tsakaninku, ku jikokina, game da ni da motar kakanku. Rabinta gaskiya ne, rabin kuwa ƙarin mutanen da ba sa wurin ne. Ni ina wurin. Ban yi boko ba, allon ma iyakata surorin salla, don haka alƙalami yana hannun jikata Yagana, magana tana bakina. Zan faɗa bi da bi, yadda abin ya zo.

Mu mutanen shanu ne. A daji aka haife ni, a bayan takarkari na yi ƙuruciyata, daga wannan mashekari zuwa wancan. Kakanku Alhaji Hamid ne ya shigo da mu birni, ya zama dillalin shanu a kara, ya gina gidan nan na Umarari. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi mota, doguwa, launin madara, mai ƙarfe a goshi yana ƙyalli, kujerunta na fata. Ko lokacin da ya saye ta ba sabuwa ba ce. Da ta ƙara shekaru sai aka sa mata Guzuma, sunan da ake kiran tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa amma an kasa rabuwa da ita. Abin da Alhaji ya fi so a jikinta shi ne sitiyarinta. Da yatsa ɗaya yake juya shi, yana kallon masu kokawa da nasu yana girgiza kai. Mutum ɗaya ne ke taɓa cikinta, Ba Modu, bakanike a Fezzan, Babarbare, gajere, mai ƙarancin magana. Da Alhaji ya rasu, motar ta koma hannun babanku Adam, Ba Modu kuma ya bi ta, kamar yadda makiyayi ke bin garke in an raba gado.

Sai fitina ta zo. Ba labarinta zan ba ku ba, kun ji shi a bakin wasu. Shekarar da nake nufi ita ce wadda aka yanke layin waya, babura kuwa an riga an hana su. A cikinta ne yayan babanku, Idrisa, ya fita sayo shanu wata Talata. Bai dawo ba, ba mu ga gawa ba. Ya rage mini Adam. Shi kuma kullum yana kan hanya, daga gida zuwa kara, daga kara zuwa gida, shinge bayan shinge.

Babanku tun yana saurayi ya bi karatun da ya hana laya. Ya taɓa yanke wadda na rataya wa babbar yayarku tana jaririya, a gabana, ya ce in yi haƙuri. Na yi. Kuma a wancan zamani laya ba abar nunawa ba ce: 'yan fitinar da ke daji suna kashe mai ita, masu shinge suna tuhumar mai ita. Duk da haka na je wurin wani tsohon malami, ya rubuta mini ayoyin tsari, na haɗa da gashin wutsiyar farar saniya, na ɗinke cikin fata, girmanta bai wuce yatsa biyu ba. A jikin Adam babu hali. To, sai a jikin abin hawansa. Haka muke yi a daji. In za a ratsa mugun wuri, ba mai shanu ake ɗaura wa ba, saniyar da ke ja gaba ake ɗaura wa a wuya, sauran su bi cikin albarkarta.

Wata Juma'a Adam ya zuba wa motar ruwa, ya bar bonet a buɗe, ya tafi masallaci a ƙafa. Uwarku Falmata tana ɗaki da tsohon ciki tana barci. Na je na tsaya a kan injin ina neman wuya. Ƙarfe ko'ina, waya ko'ina. Can ƙasa, bayan fitilar hagu, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya, hannuna ya taɓa wani baƙin tiyo mai laushi, kaurin babban yatsa. Na ce ga wuya. Na ɗaure layar a jikinsa da siririn ƙirgin da na jiƙa tun safe. Ku 'yan birni ba ku san wannan ɗauri ba. Ɗanyen ƙirgi in aka ɗaura shi a jiƙe, yana bushewa yana ƙara matsewa, har ya zama kamar ƙarfe, babu mai kwance shi sai wuƙa. Da shi muke ɗaure itacen bukka da kayan takarkari. Na zagaya sau uku, na yi ƙulli irin namu, na shafa masa baƙin tukunya. Na wanke hannuna na yi azahar.

Kwana biyu kafin wannan Juma'a, Guzuma ta je wurin Ba Modu an canja mata mai, har da man sitiyari. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya hau.

Ana nan, ana nan, bai cika mako ba ta fara kuka. In an juya sitiyari sai ta yi wani siririn kuka kamar maraƙin da aka raba da uwa. Da safe lafiya lau. In rana ta take, an yi tafiya, sai kukan ya ƙaru, sitiyarin ya yi nauyi, wani ƙauri ya riƙa fitowa. Adam ya kai ta Fezzan. Ba Modu ya ce bel ne ya saki, ya matse shi, ya ƙara mai. Ta yi kwana biyu ta koma kukanta. Ya sake kai ta. Ba Modu ya juye man gaba ɗaya, man da ya zuba ja wur ya fito baƙi kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Ya wanke 'yar rariyar da ke cikin gwangwanin man, ya ɗaga gaban motar da jak, ya yi ta juya sitiyari dama da hagu wai don iska ta fita. Ya kuma ce wa Adam in yana bi tsakanin gangunan shinge ya daina danne sitiyari har ƙarshensa yana riƙewa, famfon ba ya so. Adam ya dawo gida yana huci.

"Yanzu kuma tuƙi zai koya mini, Ammi. Ni da na koyi mota a cikin motar nan."

"Abokin babanka ne," na ce.

"Abokin babana ya tsufa."

Karo na uku bai koma Fezzan ba. Ya kai ta wurin wani, wanda ya cire famfon sitiyarin ya sa wani, ya kuma ce duk wanda ya zuba man farko shi ya kashe famfon. Kwana uku sabon ma ya fara kuka.

Duk wannan a gabana ake yinsa, a kan tabarmar abinci. Zan gaya muku abin da ke zuciyata a lokacin, ko da za ku yi dariya. Ban taɓa haɗa ɗaurina da ciwon motar ba. Na ɗauka wani sharri ne aka aiko wa ɗana, layar tana shanye shi, zafin shanyewar ne ke fitowa. In na ji kukan daga ƙofar gida sai in ce alhamdu lillahi, tana aiki.

Cikin zafin bazara ne, bayan azahar, yana dawowa daga kara. A wani shinge an jera gangunan ƙarfe cike da yashi, sai mota ta karkata dama, ta karkata hagu, ta sake dama. A tsakiyarsu sitiyarin ya ƙage. Man ya tafasa ya yi ambaliya a kan ƙarfe mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Ku da kuka tashi bayan abin ya lafa ba za ku gane ba. A wancan lokaci, mota ta tsaya a tsakiyar shinge tana hayaƙi, abu ɗaya ake nufi. Mutane suka watse. Aka saita masa bindigogi. Ya fito hannu sama, aka kwantar da shi a kan kwalta mai zafi, aka buga masa gindin bindiga. Tabon da ke kan girarsa na ranar ne. Sai da hayaƙi ya mutu, aka ga babu komai sai mai, aka sake shi dab da magariba. Da ya shigo na ga fuskarsa, na shiga ɗaki na yi sujada. Na ce da ba don layar ba da sun harbe shi.

Washegari da hantsi Falmata ta shigo ɗakina ta tsuguna.

"Ammi, ɗanki ya gaya wa Bukar."

"Ya gaya masa me?"

"Wai Ba Modu da gangan ya yi. Wai wa ya san wanda yake wa aiki. Motoci nawa ke kwana a garejinsa."

Bukar shi ne babba a cikin samarin unguwa masu gora, waɗanda suka tashi suna tsaron lunguna a shekarar. Sun yi aiki, ba zan hana su ba. Amma a wancan lokaci in aka ba su sunan mutum, to an ba su mutumin. Wasu sukan dawo.

Na yafa mayafina, na fita, na buɗe ƙofar Guzuma na zauna a baya. Ban taɓa shiga motar nan ba tare da an ce in shiga ba. Adam ya fito ya same ni.

"Ammi, ina za ki?"

"Fezzan."

"Motar ba ta da lafiya."

"Da safe tana tafiya, kai ka faɗa. Ka zuba mata mai. Ka kira Bukar ɗin ma ya zo. Mutumin da ya ci abinci da babanka a kwano ɗaya, ba a ba da sunansa sai an tsaya a gabansa."

Sa'an nan ya aika aka kira Bukar. Muka tafi mu uku, Bukar a gaba da gorarsa tsakanin gwiwoyi.

Mun sami Ba Modu shi kaɗai a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya ga motar, ya ga fuskar Adam, ya ga gora. Ya goge hannunsa ya zo wajen tagata, ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, Hajja. Yau da kanki?"

"Wushe, Ba Modu. Na kawo maka ita ka duba a gabana."

Ya shimfiɗa mini buhu a kan benci. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Wa ya cire mata famfonta na gado ya sa mata wannan?"

"Wanda ya fi ka sani," in ji Adam.

"To, ta warke?"

Bukar ya ce, "Baba, ba hira muka zo ba."

"Na gani, ɗana. Ja baya kaɗan, gorarka tana tare mini haske."

Sai ya fara magana, ba da mu ba, da motar, kamar yadda tsofaffinmu ke yi in suna duba saniya. Ya ce bel na matse, ba shi ba ne. Mai na canja, ba shi ba ne. Rariya na wanke, iska na fitar. Famfo an canja, ciwo yana nan, to famfo ma an zalunce shi. Ya ce wa Adam ya tayar da injin. Ya cire murfin gwangwanin man, ya sa ido a ciki, ya kira Bukar.

"Zo ka gani, tunda kai ne alƙali. Famfo yana tura mai ya tafi wajen taya, man ya yi aiki, ya biyo ta gaban mota ya sha iska, ya dawo nan. In lafiya ne, dawowarsa za ka ga yana juyawa kamar ana dama fura. Me ka gani?"

"Ɗigo yake yi. Da kumfa."

"To. Yana tafiya, ba ya dawowa. Famfo yana turawa, an toshe masa gaba, yana ta fama a wuri ɗaya, ba dole ya yi zafi ba? Da tun farko na kalli dawowar nan. Wannan kam sakacina ne."

Ya sa aka kashe injin. Ya naɗe hannun riga, ya kama tiyo daga gindin gwangwanin, ya fara binsa da yatsu, a hankali, yana latsawa, yana gangarawa. Ina zaune ina kallon hannun. Ya wuce gefen injin. Ya yi ƙasa. Ya karkata hagu, wajen fitila. A nan ne, ba kafin nan ba, na gane. Duk matar da ta taɓa tatsa ta san abin da ke faruwa in aka matse hanya, nono yana son fita. Na ga kafaɗarsa ta tsaya. Ya daɗe a sunkuye. Sa'an nan ya ɗago, bai kalli Adam ba, bai kalli Bukar ba, ni ya kalla, sau ɗaya. Ya san ƙullin mutanen shanu, ya sha ganinsa a kayan Alhaji.

Ya ɗauki 'yar wuƙa, ya koma ƙasa, ya yi abin da zai yi, ya miƙe.

"Tiyo ne ya tsufa ya manne. Zan sa wani. Shi ke nan."

"Baba," in ji Bukar, "me ka sa a aljihu?"

"Tsumma."

"Fito da tsumman mu gani."

Ba Modu bai motsa ba. Bukar ya sa hannu da kansa ya ciro. Ƙaramin ƙunshi baƙi, ɗinkakke, an ɓoye a cikin inji. Ya riƙe shi nesa da jikinsa. Muryarsa ta canja.

"Mene ne wannan? Wa ya ɗaura?"

"A garejina motar ta kwana," in ji Ba Modu. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mutane sun fara taruwa a bakin rumfar. Adam ya ce, "Kun gani ko? Ammi, kin gani?"

Na san abin da zan rasa in na buɗe baki, don na san ɗana. Na kuma san inda za a kai Ba Modu in na rufe shi. Ba zan ce muku na yi sauri ba. Na zauna har na ji wani a waje yana cewa a kira sauran samarin. Sa'an nan na ce,

"Bukar, kawo nan. Nawa ne."

"Kaka, ki bari, ba a rufa wa irin waɗannan asiri."

"Farke shi. Akwai takarda ninki huɗu, akwai gashin wutsiyar farar saniya, an naɗe da jan zare. In ka sami wani abu bayan wannan, ku tafi da ni tare da shi."

Ya farke. Ya buɗe takardar, ya ga ayoyi, ya ga gashi, ya ga jan zare. Ya dube ni, ya dubi motar, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa gorarsa.

"Kaka! Bakanike biyu, famfo biyu, bindiga goma, ashe ke ce injiniyar!"

Na waje ma suka ɗauka. Adam bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon gashin a tafin hannun Bukar, ciwon girarsa bai gama bushewa ba.

"Ammi, na roƙe ki a kan wannan abu."

"Ka roƙe ni."

"A kan kwalta aka kwantar da ni."

"Na sani."

Adam ya juya ya ba Ba Modu haƙuri a gaban mutane, da kyau, har ya rusuna. Wannan ku sani game da babanku. Ba Modu ya sa sabon tiyo, ya zuba mai, ya fitar da iska, aka tayar. Man ya dawo yana juyawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan famfon ya daɗe, ya ce ɗumi ne kawai irin na mai rai. Ya ce wa Adam ya je ya karɓo tsohon famfon a mayar mata da abinta. Lokacin da Adam yake waje yana magana da Bukar, Ba Modu ya zo ya ɗauke buhunsa daga bencin, ya yi ƙasa da murya.

"Hajja, da kin tambaye ni, da na nuna miki inda ake sawa. Ta Alhaji tana cikin kujerar direba tun shekarar da ya sayi motar. Ni na ɗinke ta da hannuna."

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau. Ba Modu ya rasu a kan gadonsa bayan shekaru, cikin 'ya'yansa. In babanku ya karanta ya ga dama ya farke kujerar, motarsa ce.

Bayan Falmata ta yi arba'in, Adam ya kama gida a Jiddari Polo ya kwashe iyalinsa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya fi kusa da harkokinsa, ni da shi kuwa mun san inda kara take. Bai taɓa barina da yunwa ba. Duk Juma'a yana zuwa, ya durƙusa, ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata. Motar yakan ajiye ta a bakin titi, ya kulle, ya shigo lungu a ƙafa. Ranar da zai kai ni asibiti, yakan tsayar mini da mai keke, ya riƙe hannuna in hau, ya gyara mini mayafi. Sa'an nan ya shiga Guzuma ya biyo mu a baya.